Tsibiran Sao Tome da Principe: Daga Gandun Rake da Koko zuwa Masaukin Baƙi

A mashigin tekun Gini, kimanin kilomita 250 yamma da gaɓar ƙasar Gabon, akwai tsibirai biyu da suka haɗu suka zama ƙasa guda mai suna Sao Tome da Principe, wadda faɗinta kimanin murabba'in kilomita 1,000 ne, jama'arta kuma ba su kai 250,000 ba, don haka in aka ɗauke Seychelles babu ƙasar da ta kai ta ƙanƙanta a Afirka. A 'yan shekarun nan sunanta ya shiga jerin wuraren da ake shawartar masu neman hutu su fara da su, muddin suna sha'awar tsibiri mai zafi da duwatsun aman wuta, saboda kurminta, da rairayin gaɓarta wanda wani baƙi ne ƙirin wani kuma ruwan zinariya, da tsofaffin gidajen gona da aka mayar masaukai. Sai dai kusan duk abin da baƙo zai gani a can ya samo asali ne daga matsala guda da ta bi tsibiran tun ƙarni na 15, wato ƙasa ce mai albarka da ba a tarar da kowa a kanta ba, ta yadda duk wanda ya so cin moriyarta sai ya fara neman inda zai samo mutanen da za su noma masa ita.

Albarkar ƙasar daga wuta ta fito. Tsibiran biyu suna cikin jerin duwatsun aman wuta da masana ke kira layin Kamaru, wanda ya faro daga tsibirin Annobon can cikin teku, ya bi ta Sao Tome da Principe da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, sannan ya ratsa tsaunukan Adamawa har ya taɓo tudun Biu da ke jihar Borno. Dutsen Kamaru yana raye, domin ya yi amai a 1999 da 2000, amma wutar Sao Tome ta daɗe da lafawa, kuma tun da mutane suka zauna a tsibirin ba a taɓa ganin amanta ba. Abin da ta bari shi ne ƙololuwar Pico de Sao Tome mai tsayin mita 2,024, da wani siririn dutse a kudu mai suna Cao Grande, wato Babban Kare, mai tsayin mita 663, wanda asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron ramin wutar, ruwan sama kuma ya cinye abin da ke kewaye da shi ya bar shi tsaye kamar taɓarya. Ruɓewar irin wannan dutse ita ta samar da ƙasa mai ƙarfi, tsaunukan kuma suna tare iskar teku mai ɗauke da danshi, har ya zama kudu maso yammacin tsibirin na samun ruwan da ya haura milimita 5,000 a shekara, alhali arewa maso gabas, inda babban birnin yake, na samun kusan 1,000 kacal.

Matuƙan jiragen ruwa na Fotugal, Joao de Santarem da Pero Escobar, su ne suka iso tsibiran wajen shekarar 1470, kuma babban ya samu sunansa ne daga waliyyin Kirista Toma, saboda an dace da isa gare shi a ranar bikinsa, 21 ga Disamba. Yunƙurin farko na zaunar da mutane, wajen 1485, ya ci tura saboda zazzaɓi, sai a 1493 ne Alvaro de Caminha ya kafa gari mai ɗorewa. Da yake babu Baturen da ke son zuwa wurin da zazzaɓi ke kashe baƙo cikin 'yan watanni, sai masarautar Fotugal ta cika jiragensa da fursunonin da aka musanya wa hukunci da kora, da yaran Yahudawa waɗanda aka raba da iyayensu bayan korar Yahudawa daga Sifaniya a 1492, sannan aka ba mazauna izinin sayen bayi a gaɓar Afirka, da farko daga masarautar Benin da ke kudancin Najeriya ta yau, daga baya kuma daga Kongo da Angola. Da haka al'ummar tsibirin ta kafu daga mutanen da kusan babu ɗayansu da ya zo da son ransa.

Rake ne amfanin gona na farko da ya sa duniya ta san tsibirin. A farkon rabin ƙarni na 16 Sao Tome ta shiga sahun gaba na masu kai sukari kasuwannin Turai, da injunan matse rake da dama waɗanda ƙoramun tsaunuka ke juyawa, kuma a nan ne aka fara gwada tsarin da daga baya ya mamaye Burazil da tsibiran Karibiyan, wato ƙaton gandu mai noma abu ɗaya don sayarwa ƙetare, wanda bayi zalla ke yi wa aiki. A lokaci guda tsibirin ya zama zango inda ake tara bayi kafin a wuce da su Elmina ko Amurka. Saboda ƙarancin Turawa, Sarki Manuel na Ɗaya na Fotugal ya ba da umarni a 1515 cewa a 'yanta matan Afirka da aka ba mazaunan farko tare da 'ya'yansu, a 1517 kuma aka haɗa da mazan da suka zo tare da su. Zuriyar waɗannan mutane su ake kira Forro, kalmar da ta shiga harshen Fotugal daga Larabci, daga tushen da ya ba da hurriyya, ma'anarta kuwa 'yantacce. Harshensu, wanda ake magana da shi har yau, kalmominsa akasari na Fotugal ne, amma ginin jimlarsa da sautinsa suna ɗauke da tasirin harshen Edo na Benin da na Kikongo.

Kurmin da ke tsakiyar tsibirin ya zama mafakar bayin da suka gudu, waɗanda suka kafa ƙauyuka a wuraren da sojan gwamna ba ya iya kaiwa, suna saukowa lokaci-lokaci su kai wa gandaye hari. Al'ummar Angolares, masuntan da ke zaune a kudu maso gabas kuma suke da harshensu na daban, suna ba da labarin cewa kakanninsu sun tsira ne daga wani jirgin bayi da ya fashe a kan duwatsun Sete Pedras, yayin da yawancin masana tarihi ke ganin zuriyar waɗancan gudaddun bayi ne. Tawaye mafi girma ya faru a watan Yulin 1595, lokacin da wani bawa mai suna Amador ya tara dubban bayi, ya kira kansa sarkin tsibirin, ya ƙone injunan rake masu yawa, ya kuma kai hari kan birnin kansa kafin a ci ƙarfinsa a kashe shi. Ƙasar tana tunawa da shi kowace ranar 4 ga Janairu, kuma an sa siffarsa a takardun kuɗinta. Wannan tawaye, da hare-haren Faransawa da na mutanen Holan, da kuma gasar sukarin Burazil wanda ya fi bushewa da kyau saboda danshin Sao Tome ba ya barin sukari ya ƙame sosai, su suka sa masu gandaye da yawa suka kwashe dukiyarsu suka ƙaura Burazil.

Kusan shekara 200 da suka biyo baya tsibiran sun rayu ne da sayar wa jiragen bayi ruwa da abinci, filaye da muƙaman coci da na majalisar gari kuma suka koma hannun manyan gidajen Forro, har a 1753 aka mayar da hedikwatar mulki garin Santo Antonio da ke Principe, inda ta zauna zuwa 1852. Abin da ya dawo da Turawa shi ne gahawa da koko, wato itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa, wanda aka kawo daga Burazil wajen 1820, kuma ya samu a nan inuwa da danshi da ƙasar da yake buƙata. Daga tsakiyar ƙarni na 19 attajirai da kamfanonin Lisbon suka riƙa karɓe filayen Forro, wani ta saye, wani ta bashi, wani ta ƙarfin tsiya, suna kafa manyan gandaye da ake kira roca a harshen Fotugal, ana furta kalmar kamar rosa. Kowace roca gari ce mai zaman kanta, wadda ta yi kama da rinji ta fuskar manufa amma ta fi shi tsari nesa ba kusa ba: akwai babban gidan mai gandu ko wakilinsa, da fili mai faɗi a tsakiya inda ake jera ma'aikata a ƙirga su safe da yamma, da rumfunan shanya koko, da asibiti, da siririn layin dogo mai kai kaya bakin teku, da kuma dogayen ɗakunan ma'aikata da ake kira sanzala. Agua Ize, da Monte Cafe da aka kafa a 1858, da Rio do Ouro suna cikin mafiya girma.

Da aka kawo ƙarshen bauta a tsibiran a tsakiyar shekarun 1870, 'yantattun bayi suka watse daga gandaye, su kuwa Forro suka ƙi aikin gandu ƙememe, domin a wurinsu wanda ya riƙe adda a gonar wani ya koma bawa. Masu gandaye sai suka ɓullo da tsarin ma'aikatan yarjejeniya, waɗanda ake kira servicais, ana kawo su daga Angola, daga 1903 kuma daga tsibiran Cape Verde inda fari ke korar mutane, daga 1908 kuma daga Mozambik. A takarda yarjejeniyar ta shekara 5 ce, amma a zahiri ana sayen mutanen ne a cikin ƙasar Angola, a taso su a ɗaure zuwa gaɓa, a sa musu hannu a takardar da ba su san abin da ta ƙunsa ba, idan wa'adin ya cika kuma a sabunta ta ba tare da an tambaye su ba, ta yadda shekaru da dama babu wanda ya koma gida. 'Ya'yan da suka haifa a gandu ana kiransu Tonga, matsayinsu kuwa ya yi kusa da na bacucane, wato wanda aka haifa a gidan ubangida kuma bai san wani gida ba. Da guminsu ne tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko a farkon ƙarni na 20, har suka fitar da fiye da tan 35,000 a shekarar 1913.

Ɗaya daga cikin manyan masu sayen wannan koko shi ne kamfanin Cadbury na Ingila, wanda masu shi 'yan ɗariƙar Quaker ne da suka yi suna wajen ƙin bauta. Ɗan jaridar nan Henry Nevinson ya bi hanyar da ake taso mutanen a Angola, ya wallafa abin da ya gani a littafinsa A Modern Slavery a 1906, kamfanin kuma ya aika nasa mai bincike, Joseph Burtt, wanda rahotonsa ya tabbatar da zargin. Duk da haka sai a watan Maris na 1909 ne Cadbury da takwarorinsa Fry da Rowntree suka daina sayen kokon Sao Tome, kuma da Cadbury ya kai jaridar Standard ƙara saboda ta zarge shi da munafunci, masu taya alƙali shari'a sun ba shi gaskiya amma suka yanke masa diyyar fadin guda, wato tsabar kuɗi mafi ƙanƙanta a Ingila ta lokacin. Jinkirin ya zo daidai da lokacin da kamfanin ke shirya wata kasuwa a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda ƙananan manoma 'yan ƙasa ke noma koko a gonakinsu da araha fiye da gandun Turawa, har ƙasar ta karɓe matsayi na ɗaya a 1911. Bunƙasar kokon Gwalkwas tana cikin abubuwan da suka ja fatake da 'yan ƙwadago daga arewa, ciki har da Hausawa, zuwa zangunan Kumasi da garuruwan kurmi, a bisa tsohuwar hanyar da cinikin goro ya riga ya buɗe.

A wannan zamani ne tsibiran suka shiga tarihin kimiyya ta fuska uku. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi wa ma'aikatan Principe mummunar ɓarna, har tsakanin 1911 da 1914 wata tawaga a ƙarƙashin likita Bernardo Bruto da Costa ta share jeji, ta janye ruwan fadamu, ta kashe aladun daji da ƙudan ke sha wa jini, ta kuma sa ma'aikata suna yawo da baƙin ƙyalle mai danƙo a bayansu don ƙudan ya manne, har aka kawar da shi daga tsibirin. Tsakanin 1915 da 1918 jami'in sojan ruwa Gago Coutinho ya auna Sao Tome, ya nuna cewa ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ya ratsa ta ɗan tsibirin Rolas da ke kudancinta. Sannan a ranar 29 ga Mayun 1919 masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana daga gandun Sundy a Principe, waɗanda, haɗe da na wata tawaga a Sobral ta Burazil, suka nuna cewa hasken taurari yana lanƙwasa idan ya wuce kusa da rana, kamar yadda Albert Einstein ya yi hasashe.

Matsalar ma'aikata ita ce kuma ta haifar da ranar da ta fi kowacce baƙi a tarihin ƙasar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu farashin koko ya tashi, samun ma'aikata daga Angola ya yi wuya, gwamna Carlos Gorgulho kuma ya riƙa kama Forro yana sa su aikin tilas a gine-ginen gwamnati, har jita-jita ta bazu cewa za a tura su gandaye. Da tarzoma ta tashi a yankin Trindade da ƙauyen Batepa a ranar 3 ga Fabrairun 1953, gwamnan ya kira ta makircin 'yan gurguzu, ya raba wa Turawa makamai, ya kuma zuga ma'aikatan gandu a kan Forro. An kashe ɗaruruwan mutane, wasu sun mutu saboda cunkoso a ɗakin kurkuku, wasu kuma a sansanin aikin tilas na Fernao Dias. Binciken da 'yan sandan Lisbon suka yi bai gano wani makirci ba, aka kuma janye gwamnan, amma abin ya riga ya zama tushen fafutikar neman 'yanci, ranar kuwa ita ce Ranar Shahidai a ƙasar.

A lokacin yaƙin basasar Najeriya filin jirgin saman Sao Tome ya zama sansanin ƙungiyoyin coci-coci da ke kai abinci da magani cikin dare zuwa Uli a yankin Biyafara, inda aka yi sahu fiye da 5,000 tsakanin 1968 da 1970. Bayan juyin mulkin 25 ga Afrilun 1974 a Fotugal, tsibiran suka samu 'yanci a ranar 12 ga Yulin 1975 a ƙarƙashin Manuel Pinto da Costa, Turawa kusan duka suka tafi, gwamnati kuma ta karɓe gandayen a watan Satumba na wannan shekara, har aka sauya wa Rio do Ouro suna zuwa Agostinho Neto, shugaban Angola na farko. Rashin ƙwararru da tsufan itatuwa da faɗuwar farashi suka durƙusar da noman, don haka bayan komawa tsarin jam'iyyu da yawa a 1990 aka fara yanka gandayen ana raba wa tsofaffin ma'aikata. Daga nan fata ya koma kan man fetur, musamman da aka ƙulla yarjejeniya da Najeriya a 2001 kan wani yanki na teku da za a haƙa tare, Najeriya na da kashi 60 cikin 100, Sao Tome na da 40, hedikwatar hukumar kuma tana Abuja. Dangantakar ta kai ga cewa da sojoji suka yi juyin mulki a watan Yulin 2003, lokacin da Shugaba Fradique de Menezes ke ziyara a Abuja, Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya raka shi gida bayan mako guda. Man dai har yanzu bai fara shigo da kuɗin da aka sa rai ba.

Wannan giɓi ne yawon buɗe ido ya zo cikewa. An kafa gandun dajin Obo a 2006 don kare kurmin da ke da nau'in tsuntsaye fiye da 20 da babu su a ko'ina a duniya, hukumar UNESCO ta sa Principe cikin wuraren kiyaye halittu a 2012, attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya zuba jari a masaukai a can, ƙananan manoma kuma suka haɗu a ƙungiyoyi suna noma koko ba tare da takin zamani ba don kasuwar cakulan mai tsada. Baƙin da suka shiga ƙasar a 2019 kimanin 35,000 ne, adadin da ya sa har yanzu gaɓar ba ta cunkushe ba. Shawarwarin da ake ba mai zuwa karon farko suna bin yanayin da aka bayyana a baya: lokacin rani da ake kira gravana, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya fi dacewa da hawan tsaunuka saboda hanyoyi ba su da santsi, kunkurayen teku kuwa suna hawa gaɓa su yi ƙwai ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ana neman katin rigakafin shawara daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, zazzaɓin cizon sauro da ya kashe mazaunan farko ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba, kuɗin ƙasar mai suna dobra kuma an ɗaure shi da yuro tun 2010. Abincin da ya fi suna shi ne calulu, miyar busasshen kifi da ganyaye iri-iri da kuɓewa da manja, kalmar da baƙo zai fi ji kuma ita ce leve-leve, wato sannu-sannu.

Abin da mutanen tsibirin suka yi da gadon da aka ɗora musu ya fi bayyana a wasan tchiloli, wanda asalinsa rubutun wani makahon mawaƙi ne na tsibirin Madeira, Baltasar Dias, a ƙarni na 16. Maza zalla ne ke yin sa a fili, sanye da kwat da fuskokin ƙarya masu launin fatar Turawa, da kiɗan ganga da sarewa, labarin kuwa na Sarki Charlemagne ne da aka kawo masa ƙarar ɗansa na cikinsa kan kisan kai, ya zama dole ya zaɓi tsakanin jini da adalci, ya kuma yanke wa ɗan hukuncin kisa. Jama'ar da ta yi ƙarnuka ba ta ga an hukunta mai gandu ba ta riƙe wannan wasa ta mai da shi nata. Tambayar da wasan ke yi tana nan a gandayen kansu, domin a yawancinsu jikokin ma'aikatan Angola da Mozambik da Cape Verde suna zaune har yau a cikin sanzala, wasu ma a rusassun ɗakunan asibiti, alhali babban gidan da ke fuskantarsu an gyara shi ya zama otal. A Sundy, inda Eddington ya kafa na'urarsa, an gina wa mazauna sanzala sabon ƙauye nesa da harabar gandun, aka sa masa suna Terra Prometida, wato Ƙasar Alkawari, baƙi kuma suna kwana a gidan da kakannin mutanen ba sa shiga sai da aike.